Uwar Ɗan Fari a Ƙarshen Benci

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin likitan ƙwaƙwalwa, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin mutumin garinmu Kurfi ya kira ni da wannan suna ba. Likitan mahaukata suke cewa, wasu a bayan idona, wasu a gabana. 'Yan uwana ma in za su gabatar da ni a wurin ɗaurin aure sai su ce, "Ga likitanmu," su yi maza su kawo wata magana kafin a tambayi likitan mene ne. Da farko abin yana ɓata mini rai ƙwarai. Daga baya na daina kulawa, don na lura wanda ya fi kowa dariya a cikin taro shi ne zai biyo ni har bakin mota, ya rage murya, ya ce akwai wani ƙanensa da yake so in gani.

Ciwon da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa shi ne wanda ke sa mutum ya ji murya babu mai magana, ya yarda da abin da babu shi, ya riƙe shi gam ko da duk gari za su taru su rantse masa. A wajenmu ba a kawo mini irin wannan mara lafiya sai an gaji. Sai an sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, an yanka abin yankawa, an kai shi wani gida an sa masa mari wata da watanni, sannan a tuna akwai asibiti. Ba zagin malamai nake ba, wasunsu ma su ke turo mini mutane. Ni dai na san ni ne na ƙarshe a layi, kuma ni ake tsarewa da ido a tambaya me ya sa har yanzu ba a warke ba.

Gaskiyar da ban cika gaya wa ɗalibai ba ita ce, ba kasafai muke warkarwa ba, kwantarwa muke yi. Mutum ya sha magani ya dawo hayyacinsa, ya koma gona, dangi su ce alhamdu lillahi an samu lafiya, su zubar da sauran ƙwayoyin. Kafin damina biyu sai ga shi an sake kawo shi a ɗaure, ya fi da lalacewa. Akwai wanda na karɓa haka har na daina buɗe masa sabon kati. Akwai waɗanda ba a sake kawowa ba, sai dai in hango su a bakin tasha cikin tsummoki, in gane su, wani lokaci su ma su gane ni su ɗaga mini hannu. Sau da yawa ina tuƙi daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi ina tambayar kaina ko da hatsi na zauna sayarwa kamar mahaifina da na fi yi wa mutane amfani.

Likitan ƙashi yana da hoto, likitan zazzaɓi yana da gwajin jini. Ni ba ni da komai sai tambaya. Yana barci? Yana cin abinci? Yana wanka ba sai an sa shi ba? Yana magana shi kaɗai? Mara lafiyar kuwa ba shi zai ba ka amsar gaskiya ba, don a wurinsa ƙalau yake. Wanda ke kwana gida ɗaya da shi ake tambaya. Wannan shi ne darasin farko da nake koya wa duk sabon likitan da aka turo mini, har tebur nake bugawa in ina faɗa. Na koya wa mutane da yawa shi, kuma a kansa ne ni kaina na faɗi.

Duk ranar kasuwar Dutsin-Ma ina zama a wani ɗaki na wani ƙaramin asibiti a garin. Ni na zaɓi ranar, don ita ce ranar da mutanen ƙauye ke samun mota. A ɗakin akwai tebur, kujera biyu, dogon benci a jikin bango, da fanka mai ƙara ba iska. Mai taimaka mini wata nas ce, Kirista, daga kudancin Kaduna, aikin koyarwar mijinta ya kawo su garin. Sista kowa yake ce mata. Hausarta ta fi ta wasu Hausawan, kuma Allah bai yi ta da iya ganin abu ta yi shiru ba. Kusan kowane mako sai mun yi cacar baki, mako ya zagayo ta shigo ta gaishe ni kamar ba a yi ba.

Wata ranar kasuwa, farkon rani, aka sauko da wani mutum daga bayan 'yar ƙurƙura, hannuwansa a ɗaure da igiyar ɗaurin buhun albasa. Shekarunsa ba su kai talatin ba. Manomin rani ne daga wani ƙauye ta wajen Makera, gonarsa tana gefen madatsar ruwan Zobe, yana noma tumatir da albasa da tattasai. Idon sawunsa duka biyu gyambo ne, shaidar mari. Mutum biyu suka rako shi. Ɗaya baffansa ne, ƙanen mahaifinsa, mai sayar da kayan gyaran mashin a cikin gari, mutum mai baki da son a san ya iya magana da ma'aikata. Ɗayar wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, wadda ta wuce ƙarshen benci ta zauna, ta juya fuskarta wajen taga.

Baffan ne ya yi bayani. Mahaifin mara lafiyar ya rasu shekara biyu da suka wuce. Tun daga nan, duk lokacin da ya tayar da injin ban-ruwa sai ya ji muryar mahaifin a cikin ƙarar, yana ce masa yana ƙarƙashin ruwa, yunwa yake ji. Sai ya fara raba tuwonsa biyu, ya ci rabi, ya ƙunshe rabi ya kai ruwa ya jefa. Daga baya jefawa ta daina isarsa, ya fara shiga da kansa. Sau biyu masunta suna fito da shi ruwa ya kai masa ƙirji. Dangin matarsa suka zo suka tafi da ita, aka kai shi inda aka sa masa marin nan.

Na sa aka kwance igiyar, na tambaye shi, "Me babanka yake ce maka?"

Ya dube ni cikin natsuwa, ya ce, "Cewa shike an manta da shi. Kowa shina cin tuwo bisa tudu, shi an bar shi ƙasa. Likita, in kai ne, kana bari?"

Na ce ba zan bari ba, amma mu fara samun barci tukuna. Sannan na nuna tsohuwar da haɓa na tambayi baffan wace ce. Ya rage murya ya ce, "Ita ta haife shi. Shi ne na fari."

Na ce, "To, madalla. Sannu, Inna." Ta amsa ba tare da ta juyo ba, ni kuma ban ƙara ce mata komai ba.

Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san dalili. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa, ba ta kai ƙararsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle a gaban dangin mijinta. In ana maganarsa sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ake nufi. Ni ma ɗan fari ne. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take cewa, da na zama likita kuma na koma "mai farar riga". Lokacin da na yi ƙyanda ina yaro, kakata ce ta yi jinyata. Sai da na girma aka gaya mini mahaifiyata takan tsaya a bayan zana tana sauraron numfashina, in ta ji motsin mutum ta yi kamar tsintsiya take nema. Ina alfahari da wannan labarin. A ganina ba mu da abin da ya kai wannan kunya kyau, kuma da na ga tsohuwar nan ta juya wa ɗanta baya tana kallon taga, mahaifiyata na gani, na ji ba abin da zai sa in taɓa mutuncinta.

Na ɗora shi a kan allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Ban sa rai sosai ba, don na sha sa rai. Amma a wata na biyu ya shigo da ƙafarsa babu igiya, a na uku ya yi aski ya sa hula. A na huɗu ya zauna ya ce mini, "Likita, jiya na tada inji, ƙarar inji kaɗai na ji." Ya faɗa yana murmushi, amma idonsa ya kawo ruwa, don a lokacin ne ya yarda mahaifinsa ya tafi da gaske. Na daɗe ban ji daɗin aikina kamar ranar ba.

Shekara shida muka yi haka. Duk wata sai su zo su uku, shi da baffansa da tsohuwar. In lokacin tumatir ne ya zo mini da ɗan kwando, in ce masa tumatirinsa duk ruwa ne, ya ce ai mu likitoci ba mu san tumatir ba sai a cikin miya. Ya ƙara fili, ya sayi sabon inji, har ya fara ɗaukar mutane aiki lokacin dashe. Ba zan ɓoye ba, shi na mayar abin dogarona. Duk ranar da aka dawo mini da mutum uku a ɗaure, ko na ji wata da na sallama an same ta tana yawo a kasuwar wani gari, sai in ce wa kaina, ai akwai mai tumatir. Da shi nake ba ɗalibai misali. Da shi nake rufe bakin 'yan uwana in sun ce wai mahaukaci ba ya warkewa.

Zaman namu iri ɗaya ne kullum. In yi masa tambayoyina huɗu, ya amsa. In juya wajen baffan, ya ce, "Lafiya lau, Likita, sai godiya." Sista ta yi allura. Tsohuwar tana ƙarshen benci, fuskarta a taga, in ce, "Sannu, Inna," ta ce, "Yauwa, sannu da aiki." Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, na san baffan nan a cikin gari yake zaune. A tasha yake tarar su ranar kasuwa, ya rako su asibiti, ya koma shagonsa. Da hannuna na rubuta haka a shafin farko na katin. Tun da matar ta tafi, mutum ɗaya ne ke kwana gida ɗaya da mara lafiyar, kuma ita ce kaɗai ban taɓa tambaya ba.

A shekara ta bakwai ya roƙe ni in daina yi masa allura. Ya miƙo hannuwansa ya nuna mini yadda suke rawa, ya ce in yana dashe irin tumatir karyewa yake a yatsunsa. Gaskiya ya faɗa, maganin yana haka. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce yana son ya sake aure, amma duk ƙauyen an san ranar da yake zuwa allura, kuma ba wanda zai ba mai zuwa allura 'yarsa. Baffan ya sa baki ya ce ai yaron nan ya fi su duka hankali yanzu. Na dubi mutumin da na yi shekara shida ina alfahari da shi, na ji ya cancanci a yarda da shi. Na ce za mu koma ƙwaya, guda ɗaya kullum bayan cin tuwo, ya riƙa zuwa duk wata ina ganinsa.

Suna fita Sista ta tura ƙofa ta tsaya a kaina.

"Likita, wa zai riƙa ba shi maganin?"

"Shi da kansa. Ba yaro ba ne."

"To wa zai gaya mana in bai sha ba? Wannan baffan a gari yake kwana. Mama ce ke gida da shi. Shekara shida tana zuwa, ban taɓa jin ka tambaye ta ko yaya barcinsa ba."

Na yi dariya, irin dariyar da ɗan gari ke yi wa baƙo. Na ce, "Sista, shekararki nawa a garin nan ba ki san ɗan fari ba? So kike in sa tsohuwa ta yi maganar ɗanta na fari a gaban ƙanen mijinta? Ai gara in mare ta."

"To in ba za ta yi magana ba, me take zuwa yi duk wata? Ba ka ga yadda take jan ƙafa ba?"

"Rakiya take yi."

"Bari ni in ja ta gefe in tambaye ta, mace da mace."

Nan raina ya ɓaci. Na ce kada ta kuskura ta kunyata mini tsohuwar mutane, akwai abubuwan da ba a littafin nas ake koyonsu ba, ta bar mu da al'adarmu. Ta dube ni, ta ɗauki farantin allura ta dangwarar da shi da ƙarfi, ta kira mai bi a layi. Na tuna har daɗi na ji a raina, wai na koya wa baƙuwa hankali.

Wata huɗu ya yi yana zuwa bayan haka. Ba zan ce ban ga komai ba. Na ga ya rame, na ce aikin rani ne. Na ga idonsa ya yi ja, na ce hayaƙin inji ne. Amsoshinsa suna fitowa tun kafin in rufe baki: yana barci, yana ci, yana wanka, ba ya jin komai. Ban tsaya na yi tunanin cewa shekara shida ina yi masa tambayoyi huɗu iri ɗaya ba, ko aku ne ya isa ya haddace. Lokacin tumatir ya zo bai kawo kwando ba, na tsokane shi na ce ko ya gane ruwa ne, bai rama ba, murmushi kawai ya yi. Baffan ya ce lafiya lau, sai godiya. Mutumin da nake so ya zama shi nake gani a kan kujerar, don in shi ma ya koma, ban san da me zan riƙa lallashin kaina a hanyar Kurfi ba.

A zuwansu na ƙarshe, shi da baffan suka fita, tsohuwar ta tashi a hankali ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Ba ta taɓa yin haka ba. Hannunta ɗaya yana riƙe da haɓar zanenta.

Ta ce, "Likita."

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta murza haɓar zanen. Mutane sun cika baranda, wani yana ihu a waje, ni kuma na riga na jawo katin mai bi. Can ta ce, "A gaida gida."

"Gida zai ji, Inna. Allah ya kiyaye hanya."

Ta ƙara tsayawa kaɗan, sannan ta gyara mayafinta ta fita. Sista ta kalle ni, na yi kamar ban gani ba.

Kwana goma sha biyu bayan nan baffan ya kira ni a waya, ina cikin duba marasa lafiya. Ya ce da hantsi yaron ya je gona ya tayar da inji, ya bar shi yana aiki, ya nufi ruwa da kwano a hannu. Masunta sun hango shi daga nesa, sun ɗauka wanke kwanon zai yi. Kafin su gane su juyo da kwalekwale ruwa ya rufe shi. Sai bayan la'asar aka same shi. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye wayar, na ci gaba da ganin mutanen da ke layi, don ban san me zan yi ba in ban yi haka ba.

Ranar sadakar uku na je ƙauyen, Sista ta ce sai ta bi ni. Maza suna zaune a kan tabarmi a gindin wata bishiyar darbejiya. Na yi gaisuwa, aka yi addu'a. Kowa sai wanke ni yake. Baffan ya riƙe hannuna ya ce, "Likita, ka yi iyakar ƙoƙarinka, kwana ne ya ƙare." Wani dattijo ya ce da ma irin wannan ciwo ba ya barin mutum, lafawa yake. Na ji suna yabon tsohuwar, wai tun da abin ya faru ko ɗigon hawaye ba a ga ta yi ba, irin matan da ne, yanzu ba a samunsu. Na gyaɗa kai tare da su. Ina shirin tashi wata mata ta leƙo daga zaure ta ce Inna tana son ganin Likita.

Muka shiga ni da Sista. Tana zaune a ɗakinta a kan tabarma, ta sallami matan da ke wurin. Bayan mun yi mata gaisuwa ta sa hannu a bayanta ta jawo wani gwangwanin madara, ta turo shi gabana. Na buɗe. Ƙwayoyina ne, farare, sun kusa rabin gwangwanin, wasu da ƙasa a jikinsu.

Ta ce, "Ƙarƙashin tabarmar wancan nike sharo su kullum da safe. Wata ɗaya kaɗai ya sha. Daga nan ya bar barci. Ya koma raba tuwo, rabi shi ci, rabi shi ƙunshe. In ya zauna sai shi karkata kai kamar ana mashi magana."

Ko a ranar, wancan ta ce. Da yake ni mutum ne mai saurin fushi, fushin ne ya fara fitowa. Na ce, "Inna, kina ganin duk wannan, ba ki gaya wa kowa ba?"

"Na ce ma baffansa a duba wancan. Ya ce mani ai Likita ya ce ya warke, in bar zancen." Ta taɓa gwangwanin. "Sau uku ina zuwa da wanga ƙulle a haɓar zane."

"To me ya hana ki nuna mini?"

Sai ta ɗago ta dube ni ido cikin ido. Shekara bakwai ban taɓa ganin ƙwayar idonta ba sai ranar.

"An ce mani kai ma ɗan fari ne."

Na ce haka ne.

"To ka sani. Ba ni iya farawa. Na gwada, bakin ba shi buɗuwa. Amma da ka ce mani, Inna, shina barci, ai ba sai na yi magana ba. Kai zan girgiza. Girgiza kai babu kunya ciki." Ta mayar da idonta ƙasa. "Ba rakiya nike ba, Likita, baffansa ya isa rakiya. Zama nike inda kake ganina, don ranar da za ka tambaya in kasance kusa."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. Sista ta rufe fuska da mayafin da ta aro tana kuka. Ni ban yi kuka ba, ban kuma ba da haƙuri ba, don duk kalmar da na ɗauko sai in ji ta yi ƙanƙanta. Na ɗauki gwangwanin na fito ta gaban mazan nan da ke ta yi mini addu'ar Allah ya saka da alheri. Muka kama hanyar Dutsin-Ma ni da Sista. Na so ta ce ai ta gaya mini, ko na samu wanda zan yi wa tsawa, ba ta ce ba, kuma har muka rabu da aiki ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Na sha juya abin a raina. Zan iya cewa ciwon ne, da ma yakan dawo. Zan iya cewa baffan ne, ko yawan mutane a baranda. Amma na san tambaya ɗaya ce, wadda nake yi sau hamsin a rana, kuma da ta girgiza kai da a ranar zan mayar da shi kan allura. Ba jahilci ya hana ni ba. Ladabi ne, irin wanda aka koya mini a gida, wanda nake taƙama da shi. Na ɗauka na san abin da shirun uwa yake nufi saboda na tashi a cikinsa, ashe rabinsa kawai na sani. Tun daga lokacin ba na iya tuna mahaifiyata a bayan zana ba tare da na tambayi kaina me ita ma take jira a tambaye ta ba, kuma ita babu sauran damar tambayarta.

Bayan haka na koma tambayar kowace uwa, ta fari ko ta auta, a gaban kowa. Wasu sukan ji nauyi, wasu mazan sukan ɓata rai. Ko hakan ya ceci wani, ban sani ba, aikin nan ba ya nuna maka wanda ka ceta, waɗanda ka rasa kawai yake nuna maka. Layin bai ragu ba, ana ta kawo su a ɗaure har ranar da na ajiye aiki, kuma ban sake samun wanda zan riƙa lallashin kaina da shi a hanya ba.

Mako biyu da 'yan kwanaki bayan rasuwar, ranar kasuwar da ya kamata mai tumatir ya zo, ina cikin rubutu na ji an turo ƙofa. Tsohuwar ce ita kaɗai, tana jan ƙafa. Ba ta da kati, ba wanda ya kira ta. Ta wuce ƙarshen benci ta zauna a inda ta saba, ta juya fuskarta wajen taga. Sista ta tsaya da sirinji a hannu. Na ajiye biro, na jawo kujerata kusa da bencin.

Na ce, "Inna, kina barci?"

Ta girgiza kai.